Sajewa da Ɓad-da-Kama: Gadon Fako da Ciyawar Roba a Farautar Dinya ta Amurka ta Arewa

Gabatarwa

Daga cikin abubuwan da ke nuna daɗewar sana'a a hannun al'umma akwai yawan kalmomin da ta tanada dominta. Bahaushe ya daɗe yana farauta, saboda haka ba shi da talaucin kalmomin da suka shafi yaudarar dabba. Yana da fako da dako da laɓe, yana da sanɗa da kwanton ɓauna, kowace kuwa da muhallinta. To amma akwai dabarun farauta na wasu ƙasashe waɗanda mai fassara ko malamin makaranta kan ci karo da su, ya rasa wace kalma daga cikin waɗannan za ta ɗauke su. A wannan maƙala za a duba ɗaya daga cikin irin waɗannan dabaru, watau yadda maharban Amurka da Kanada ke kwanciya a tsakiyar gonar da aka girbe, cikin wani ɗan makwanci da aka lulluɓe da ciyawar roba, suna jiran dinya ta sauka. Abin da ake so a fitar shi ne, wanda ya kwanta a fili fetal ba shi da abin da zai laɓe a bayansa, sai dai ya saje da ƙasar da yake kai. Wannan sajewa kuwa aba ce daban da ɓad-da-kama, ko da yake sau da yawa akan haɗa su a magana.

Kafin a ci gaba, yana da kyau a tuna wa ɗalibai cewa dinyar da ake nufi ita ce tsuntsuwar nan ta ruwa da ta fi agwagwa girma, wadda ake rubutawa da d marar lanƙwasa. Ɗinya mai lanƙwasa itaciya ce mai baƙaƙen 'ya'ya.

Abin da ya kai dinya gona

Dinyar da aka fi farauta a can ita ce dinyar Kanada, mai baƙin kai da baƙin wuya da farin tabo a ƙarƙashin haɓa. Mafi girman nau'inta takan kai kilo 5 ko fiye. An taɓa ɗauka wannan babban nau'i ya ƙare a duniya, sai a shekarar 1962 wani masani mai suna Harold Hanson ya tabbatar da cewa garken da ke cin sanyi a garin Rocesta na jihar Minesota irinta ne. Akwai kuma farar dinya, wadda ke ƙyanƙyasa can ƙuryar arewa inda itace ba ya tsiro. Da kaka, in ruwa ya fara daskarewa, sai su yiwo kudu garke-garke ta wasu hanyoyi sanannu guda 4 da suka ratsa nahiyar daga arewa zuwa kudu. Masani Frederick Lincoln ne ya bayyana waɗannan hanyoyi a 1935, bayan an daɗe ana ɗaura wa tsuntsaye zobe a ƙafa ana bin inda aka harbe su. Da za a nemi sunansu da Hausa, da sai in ce burtalin sama, domin aikin burtali suke yi.

Dinya tana kwana a kan ruwa, amma kiwo a tudu take yi. Tun da injin girbi ya game gonakin Saskacewan da Dakota da Nebraska, sai ya zamana bayan girbi akan bar tsabar masara da alkama da sha'ir da wake warwatse a ƙasa. Nan dinya ta samu kalaci. Da hantsi bai yi ba takan tashi daga tafki ta nufi gona, ta komo, da la'asar ta sake fita. Maharbin da ya san aikinsa ba ya taɓa ta a makwancinta, don in an firgita ta a can sai garken ya bar yankin ɗungum. Gonar da ya ga sun ci jiya da yamma ita zai nemi izinin mai ita, ya riga su zuwa da asuba.

Doka ma tana da hannu wajen haifar da wannan dabara. A 1916 Amurka da Birtaniya, wadda ta sa hannu a madadin Kanada, suka ƙulla yarjejeniyar kare tsuntsaye masu ƙaura, Amurka kuma ta mayar da ita doka a 1918. A 1934 aka wajabta wa mai harbin tsuntsayen ruwa sayen wani kan sarki na musamman, dala 1 a wancan lokaci, wanda ya kai dala 25 a 2015, ana sayen fadamu da kuɗin don tsuntsayen. A 1935 kuma aka hana zuba hatsi don jawo su, aka hana ɗaure rayayyar tsuntsuwa don ta kira 'yan'uwanta, aka kuma ƙayyade cewa bindiga kada ta ɗauki harsashi fiye da 3. Da aka toshe waɗannan ƙofofi, abin da ya rage wa maharbi shi ne dinyar ƙarya, da kwaikwayon kuka, da iya ɓoye kansa. Bindigar tsuntsu kuwa ba ta da dogon zango. In dinya ta wuce yadi 40, harbinta yawanci raunatawa ne kawai. Ke nan dole ta matso kusa ƙwarai, da yardar kanta.

Ita dinyar ƙarya ba sabon abu ba ce a nahiyar. A 1924 an tono agwagin ƙarya guda 11 a kogon Lovelock na jihar Nebada, waɗanda mutanen ƙasar na asali suka saƙa da ciyawar fadama kimanin shekara 2,000 da suka wuce. Na yanzu da roba ake zuba su, shi ya sa za mu riƙa ce musu dinyoyin roba. Abin lura shi ne, manominmu yana kafa mutum-mutumi don ya kori tsuntsu daga gona, su kuwa suna kafa nasu don ya kira shi.

Gadon fako

A da, mai son harbi a gona rami yake haƙawa ya shiga, ko kuwa ya kwanta a ƙasa mai sanyi ya ja buhu ya rufa. Rami yana da wahala, ba ya ɗaukuwa zuwa wata gona, mai gona kuma ba ya son a bar masa kwazazzabo inda tarakta za ta bi. A cikin shekarun 1990 aka fara sayar da wani makwanci mai naɗewa, wanda ya karɓu nan da nan. Firam ne na alminiyon marar nauyi, an ja masa tamfol mai kauri, tsawonsa kamar ƙafa 7, faɗinsa kamar ƙafa 3, tashinsa daga ƙasa kuwa bai cika wuce ƙafa ɗaya da rabi ba. A ciki akwai majingina da ke ɗan ɗaga kafaɗun mutum. A sama akwai ƙyaure biyu da ke rufe ƙirji, da ɗan raga a daidai fuska. In tsuntsaye sun iso, sai maharbi ya banke ƙyauren ya tashi zaune ya harba. Na zaɓi in kira shi gadon fako, domin a kwance ake amfani da shi, fako kuma shi ne jiran abu a ɓoye a inda aka san zai biyo. Hausawa sun ce zomo ba ya kamuwa daga zaune. Ga shi dinya tana kamuwa daga kwance, amma kwanciyar da aka sha wahala kafin a yi ta.

A jikin tamfol ɗin, daga kai har ƙafa, an ɗinka igiyoyi jere-jere, kamar gidajen harsashi a ɗamarar soja. Cikin waɗannan gidaje ake cusa ciyawa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa masu ƙera gadon sun san zanen ganye da aka buga a jikin tamfol ba ya wadatarwa.

Abin da dinya ke gani

Dalili kuwa yana ga idon tsuntsuwar da kuma inda take kallo daga gare shi. Dinya tana sauka ne tana fuskantar iska, kamar jirgin sama. Don haka maharbi yakan kwanta iska na bugun ƙeyarsa, ya jera dinyoyin roba dama da hagu, ya bar fili a gabansa inda yake so a sauka. Ma'anar wannan ita ce, a ƙarshen saukarta dinya shi take fuskanta kai tsaye. Kafin nan ma takan kewaya gonar sau biyu ko uku tana leƙowa daga sama, kuma ba ita kaɗai ba ce, idanu ne na garke guda. Idanunta a gefen kai suke, tana ganin kusan duk abin da ke kewaye da ita ba tare da ta waiwaya ba. Bugu da ƙari, idon ɗan Adam yana da ƙwayoyin gane launi iri 3, na tsuntsu yana da iri 4, na huɗun yana kama hasken da ke can gefen shunayya har ya ɗan zarce inda namu ya tsaya. Saboda haka abu biyu da muke gani launinsu ɗaya, mai yiwuwa ne a wurinta sun bambanta.

Abu na farko da ke tona asirin gado shi ne ƙyalli. Sabon tamfol yana sheƙi, balle in raɓa ta kwanta masa rana ta fito. Maganin wannan tsoho ne, kuma duk wanda ya taɓa yaɓen ɗaki zai gane shi: a kwaɓa laka, a shafe tamfol da ita da tsintsiya, a bar shi ya bushe, a kakkaɓe. Abin da ya maƙale a saƙar shi ke kashe sheƙin. Sai kuma siffa. A gona babu abin da ke da kusurwa huɗu da miƙaƙƙen gefe, sai abin da mutum ya ajiye. Inuwa ita ce ta fi wuyar magani, domin da sassafe rana tana ƙasa-ƙasa, abin da bai kai gwiwa ba sai ya jefa inuwa mai tsawon mutum, baƙa wuluk a kan farin kara. Inda mai gona ya yarda kuma ƙasa ba ta daskare ba, akan ɗan kwarfe ta a nutsar da gadon kaɗan. Inda bai yiwu ba, sai a tara ciyawa a gefe ta gangaro a hankali, don tudun ya zama kamar kunya maimakon akwati.

Tukurwa da roba

Ciyawar da ake sayarwa don wannan aiki iri biyu ce, kuma a bakin maharba akan kira su da suna ɗaya. Ta farko ba roba ba ce sam. Zare ne da ake yagowa daga ganyen tukurwa, galibi daga Madagaska, a rina shi launin kara ko kore ko ruwan ƙasa, a ɗaure dami-dami. Dangin tukurwar nan tamu ce da ake samun gwangwala daga gare ta. Ta biyu ita ce ta roba zalla, wadda aka yanka siri-siri aka ba ta launi tun a masana'anta. Zaren tukurwa yana da laushi, ba ya ƙyalli, iska kuma tana kaɗa shi yadda take kaɗa ciyawar gaske. Aibinsa shi ne yana shan ruwa ya yi nauyi, ya daskare da sanyi, in an naɗe shi da danshi ya yi fumfuna, launinsa kuma yana koɗewa. Ta roba ba ta ruɓa, ba ta shan ruwa, takan yi shekaru, amma mai arha daga cikinta tana sheƙi a rana, sai an murje ta da ƙasa kamar yadda aka yi wa tamfol.

Yadda ake ɗaura ta shi ne inda gwaninta take. Ba a ɗaukar dami guda mai launi ɗaya a shimfiɗa. Akan warware launi biyu ko uku a cakuɗa, domin ko gonar da ake gani fara fat daga nesa, in an sunkuya za a tarar da rawaya da toka-toka da baƙin ruɓaɓɓen ganye a ciki. Sa'an nan a yanka ƙananan tufka, tsawonsu ba daidai ba, a ninka kowace a ɗaure ta a igiyar tamfol da maɗaurin roba. Gefen gado da wajen ƙafa da bakin ƙyaure su ake fi cikawa, don nan ne layi yake fitowa. Kuskuren da sabon shiga ya fi yi shi ne yawaitawa. Gonar alkama da aka girbe tushiyarta ba ta wuce idon sawu da yawa ba. In aka ɗora wa gado ciyawa mai tsawon kamu biyu, an ɓoye tamfol amma an gina bukka a inda babu bukka jiya. Dinyar da ta yi kwana uku tana cin wannan gona ta san haka.

A ganina, inda ciyawar roba ta fi cancanta shi ne koren fili. A watan Satumba, lokacin da wasu jihohi ke buɗe harbin dinyar da ba ta ƙaura, da kuma a gonakin alkamar da ake shukawa da kaka ta tsiro kafin sanyi, ƙasa kore ce shar kuma gajera. Ɗanyar ciyawa in an yanke ta ba ta yini sai ta yi yaushi ta sake launi, ga shi kuma mai gona ba zai so a tuge masa shuka ba. A nan roba ba ta da abokin takara. A gonar masara kuwa, inda kara da karmami suke zube ko'ina, matsayinta na shimfiɗar ƙasa ne kawai. Akan ɗaura ta tun a gida don ta rufe rabin aikin, in an iso gona a bi ta sama da tarkacen wannan gona ɗin. Babu masana'antar da za ta rina launin da ya yi daidai da gonar da ba ta taɓa gani ba. Ko wajen tattaro tarkacen akwai ƙa'ida: da manjagara ake zuwa can nesa a kwaso, domin in aka share na kusa, sai gadon ya zauna a tsakiyar baƙin da'ira kamar ƙwayar ido.

Akwai dalilai biyu na doka da suka ƙara wa ciyawar saye kasuwa. Dokar tarayya ta Amurka ta yarda a rufe maɓoya da ganyen amfanin gona, bisa sharaɗin kada yin hakan ya jawo zubar da hatsi ko warwatsa shi. Wanda ya kwaso karan masara da sauran zangarniya a jiki, tsaba ta zube a gaban gadonsa, yana iya samun kansa cikin tuhumar zuba hatsi don jawo tsuntsu, ko da bai yi nufi ba. Na biyu, akwai wata doguwar ciyawar fadama da ta shigo daga Turai ta mamaye fadamunsu, kamar yadda kacala ta yi wa fadamar Haɗeja da Nguru. Tana da kyau wajen rufe maɓoya, amma ɗaukarta daga wuri zuwa wuri yana yaɗa irinta, don haka wasu jihohi suka hana. Roba ba ta da tsaba, ba ta da iri. Sai dai tana da nata laifin da ba a cika faɗa ba, watau duk silin da ya tsinke ya faɗi a gona yana nan, garma ta binne shi, ba zai zama taki ba. Ƙasar da ta hana harsashin darma a harbin tsuntsayen ruwa tun 1991, Kanada kuma ta bi sahu a 1999, don kada tsuntsu ya haɗiye shi ya mutu, ya kamata ta dubi wannan ma.

Burtu, da bambancin kalmomin biyu

Mai karatu Bahaushe ba zai rasa tunawa da burtu ba. Maharbinmu yakan sassaƙa itace siffar wuya da kan burtu, sau da yawa da bakin tsuntsun na gaske, ya rufe da fata, ya yi masa ado da idon zakara, ya ɗaura a goshi. Sai ya yafa baƙin zane ya durƙusa, yana tafiya yana sunkuyar da kai kamar mai kiwo, har ya kusanci gada ko barewa. Dabbar tana ganinsa sarai. Abin da ya yi shi ne ya sauya kamanninsa zuwa na wani abin da ta saba gani ba ta gudu. Wannan shi ne ɓad-da-kama a ainihin ma'anarsa, an ɓatar da kama ɗaya an ɗauki wata, kuma motsi yana cikin dabarar, don burtun da ba ya motsi abin tuhuma ne.

Mai gadon fako kuwa so yake ido ya bi ta kansa ya wuce bai tsaya ba, kamar yadda yake wuce kowace kunya. Kalmar da ta dace da wannan ita ce sajewa, daga saje, kamar yadda ake cewa baƙo ya saje da 'yan gari, ko fara ta saje da ganye. A nan motsi shi ne babban abokin gaba. Ɗaga kai don a leƙa, ko farar fuska da ta juyo sama, ya isa ya watsa garke. Masu fassara sun saba sanya ɓad-da-kama a duk inda aka yi maganar irin wannan ɓoyo, har da tufafin soja masu dabbare-dabbare. Ina ganin gara a raba: kayan soja da ciyawar gado na sajewa ne, burtu da ɗan leƙen asirin da ya yi shigar fatake na ɓad-da-kama ne. A gonar dinya an raba aikin gida biyu, dinyoyin roba suna yaudara a bayyane, gado yana sajewa a tsakaninsu.

Dinya ma tana koyo

Dinyar Kanada takan rayu shekara 10 zuwa 20, wani lokaci fiye. Mace da namiji sukan zauna tare muddin rai, 'ya'yan shekara kuma tare da iyayensu suke yin ƙaurar farko. Tsohuwar da aka harba a Saskacewan a Satumba, aka sake harbinta a Dakota a Oktoba, kafin ta kai Nebraska ta san abin da jerin tudu huɗu ko biyar a tsakiyar dinyoyi marasa tashi yake nufi, kuma in ta kauce ƙananan binta za su yi. Da gadon fako ya yawaita, maharba da kansu suka fara lura cewa garke yakan taho kamar zai sauka, sai ya karkace tun daga nesa. Wasu suka koma haɗa gadajen gefe da gefe, su cike tsakaninsu da ciyawa ya zama tudu guda. Wasu suka janye su daga cikin dinyoyin roba zuwa can gefe, don idon tsuntsu ya tafi wani wuri. A cikin shekarun 2010 kuma sai ga wata maɓoya ta tsaye ta yi tashe, mai kama da 'yar rumfa, wadda mutum uku ko huɗu ke zama a ciki bisa kujera. Ita ba ta ƙoƙarin zama ƙasa. A bakin shinge ko gefen kwalbati ake kafa ta, a lulluɓe ta da doguwar ciyawa, ta gaske ko ta roba, ta zama kamar kurmin ciyawar da garma ba ta kai gare shi ba.

Farar dinya kuwa ta kai maharba wani wuri dabam. Yawanta ya ƙaru ƙwarai saboda abincin gonaki, har ta cinye ciyawar bakin Mashigin Hudson inda take ƙyanƙyasa, ta bar ƙasa gishiri-gishiri. A 1999 hukuma ta ba da izini na musamman a harbe ta har cikin bazara, aka kuma sassauta wasu ƙa'idoji, ciki har da yarda da na'urar da ke busa kukanta. Tana tafiya dubbai, saboda haka ba ta kula dinyoyin roba ashirin ko talatin. Sai an baza ɗaruruwa, wani lokaci fiye da 1,000, yawancinsu farin ƙyalle ne a kan tsinke da iska ke hurawa. A cikin irin wannan farin taro, gado mai launin kara shi ne baƙon abu. Don haka da yawa daga maharbanta sukan ajiye gado da ciyawarsa a mota, su sa fararen tufafi daga kai har ƙafa, su kishingiɗa a kan 'yar majingina a tsakiyar taron, su jawo dinyoyin ƙyalle biyu ko uku su kafa a kan ƙafafunsu da gefen kafaɗa.